Sojan da Aka Mayar Mai Karɓar Bashi: Nazarin Wani Lamari a Birnin Katsina, 2021 zuwa 2025

Wanda ake magana a kansa

Wannan bayani ne a kan wani sojan ƙasa mai igiya ɗaya, haifaffen wata unguwa a cikin birnin Katsina, wanda ya yi shekara shida yana aiki babu tabo a fayil ɗinsa, amma da aka dawo da shi garinsu, cikin kimanin shekara biyu ya kwana gadirum sau biyu, aka kuma cire masa igiya. Bai taɓa yin laifi a bakin aiki ba. Duk abin da ya ja masa, bayan ya tashi daga aiki ya aikata shi, wato zuwa karɓo wa wasu kuɗin da suke bin mutane. Na san lamarin ta kwamitin unguwarmu, inda littafin rubuta zama yake hannuna, kuma da izninsa nake wannan rubutu. Ba za a ga sunansa ba, ko na unguwar, ko na bataliyarsa.

Mahaifinsa ya rasu yana firamare. Kawunsa, ƙanen mahaifiyarsa, mai sayar da hatsi buhu-buhu, shi ya ɗauki nauyinsa har ya gama sakandare. A 2015 ya shiga Depo na Zariya, ya yi wata shida ana horar da shi, daga nan aka tura shi Borno a ƙarƙashin rundunar Lafiya Dole. Can ya sami igiyarsa. A watan Yunin 2021 aka yi masa canjin wurin aiki zuwa Katsina, lokacin da 'yan bindiga suka matsa wa Batsari da Safana da Jibiya da Ɗanmusa. Gidansu an yi murna ƙwarai. Wanda ake kwana ana yi masa addu'a daga nesa, ga shi ya dawo inda za a gan shi kowane mako.

Abin da doka ta ce, kafin a shiga labarin

Soja a Najeriya doka biyu ce a kansa: wadda ta hau kan kowane ɗan ƙasa, da kuma Dokar Rundunonin Soja, wadda ta faro a matsayin Dokar Soja mai lamba 105 ta 1993, yanzu take Babi A20 a kundin dokokin tarayya na 2004. Ta biyun ba ta sauka daga kansa don ya bar bariki ko ya sa kayan gida. Sashe na 55 ya yi magana a kan faɗa da rigima, na 57 a kan saɓa wa tsayayyen umarnin bariki, na 59 a kan barin wurin aiki ba izni, na 108 a kan karɓe kuɗi ko kaya ta hanyar tsoratarwa. Sashe na 103 kuwa faffaɗa ne, ya haɗa duk wani hali da zai zubar da ladabin aikin soja. Sashe na 116 ya ba kwamandoji ikon hukunta ƙananan sojoji ba sai an kafa kotun soja ba: kwamandan kamfani na iya tsare soja har kwana 7 a gadirum da aiki mai tsanani, kwamandan bataliya har kwana 28, yana kuma iya rage masa muƙami ko ya sallame shi idan ƙaramin soja ne.

Karɓo wa wani kuɗin da yake bi kuwa ba ya cikin ayyukan da sashe na 217 na Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa wa sojoji. Ko ɗan sanda, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana shi kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki. Wannan aikin kotu ne, ko na masu sulhu.

Agusta zuwa Disamba 2021: yadda bashi biyu suka haɗu

A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa dokar daƙile matsalar tsaro. Aka rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, aka hana motocin haya bin ta Ƙanƙara zuwa Sheme, aka dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni irin su Jibiya da Batsari da Caranci da Mai'aduwa, aka hana sayar da fetur a jarka. A Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13. Kawun nan yawancin cinikinsa na bashi ne: ya ba masu awo da masu shago buhu, su sayar su kawo kuɗi. Da yawansu kuɗinsu daga ƙauyukan nan yake fitowa, inda manomi sai ya sayar da akuya yake biyan abin da ya ci. Da kasuwar dabbobi ta tsaya, kuɗin kawu ya maƙale a hannun mutane.

A cikin wannan hali, a Disamba, sojan ya yi aure. Abin da ya tara bai isa ba, sai kawu ya cika masa naira 420,000 na lefe da sadaki da gyaran ɗaki. Ba a rubuta ba, ba a sa rana ba, ba a ma fayyace wane ɓangare ne gudummawa wane ne rance ba. Kawu dai ya ce, "Ka biya a hankali." Sojan ya fara kai masa dubu goma duk watan da ya samu sarari.

Fabrairu 2022: rakiyar farko

Wata safiya ya sauko daga gadin dare, ya biya gidan kawu don gaisuwa kafin ya wuce gida, da kakinsa a jiki. Kawu ya ce ya raka shi nan kusa, wajen wani mai shago da yake bi naira 85,000 tun kaka. Suka je. Sojan bai ce uffan ba bayan sallama. Ya tsaya bakin shago, hannu a baya, kawu yana magana a hankali kamar yadda ya saba. Mai shagon da ya yi wata huɗu yana cewa a dawo jibi, washegari da hantsi ya kawo kuɗin cif.

Da yamma kawu ya ce masa, "Na cire maka dubu goma cikin abin nan namu."

Shi da kansa ya gaya mini cewa a ranar bai ga laifin komai ba. Bai zagi kowa ba, bai taɓa kowa ba, mai haƙƙi ya karɓi haƙƙinsa, shi kuma nauyi ya ragu a wuyansa. Daga Maris zuwa Agusta ya yi irin wannan rakiya sau da yawa, kuma ba ta tsaya ga kawu ba. Abokan cinikin kawu suka fara zuwa: "Alhaji, ka ara mini yaron nan naka." Mutum biyu daga cikinsu suka zama na kullum, ɗaya mai sayar da kayan gini, ɗaya mai ba da babura a biya sannu-sannu. Su kan ba shi la'ada a hannu, wani lokaci ɗaya bisa goma na abin da aka karɓo. Tsayuwar shiru ta koma magana, maganar ta koma gargaɗi: "Kwana uku na ba ka."

Satumba zuwa Nuwamba 2022: gargaɗi, ƙarin gadi, kwana bakwai

Ƙorafin farko daga wani tela ya fito. Yana da ɗan'uwa a bariki, ta bakinsa maganar ta kai kunnen sajen da ke kula da sojan. Saje ya kira shi gefe ya ja masa kunne, ya sa masa ƙarin gadi na kwana uku, bai rubuta komai ba, don yana ganin yaron kirki ne da ya sha wahalar Borno, bai kamata a ɓata masa fayil ba. Sojan ya yi mako biyar bai je ko'ina ba. Sai kawu ya aiko a kira shi. Ya yi ƙoƙarin kawo uzuri, kawu ya ce, "Ashe yanzu na zama wanda zai roƙe ka?" Ya tafi.

A Nuwamba 'yan sandan soja masu sintiri suka gan shi da kaki a bakin wani gareji wajen Ƙofar Ƙaura, ba shi da fas. Aka kai shi gaban kwamandan kamfaninsa. Tuhumar da aka karanta masa ita ce fita bariki ba izni da sa kaki a inda umarni ya hana. Ya amsa laifi, aka ba shi kwana 7 a gadirum da aiki mai tsanani. Ba a tambaye shi me ya kai shi garejin ba, shi kuma bai faɗa ba. Sajen da ya sani ya yi shiru, don faɗar za ta tona cewa ya rufa masa asiri tun Satumba.

Da ya fito, abin da ya sauya ɗaya ne: ya daina zuwa da kaki. Yakan sa kaftani, amma da takalmin aiki a ƙafa. Bai ma buƙaci hakan ba, domin zuwa lokacin babu mai shago a yankin da bai san fuskarsa ba.

Janairu zuwa Afrilu 2023: an tura shi daji

A Janairu aka tura shi sansanin da ke gaba, a ɗaya daga ƙananan hukumomin yamma, na wata uku. Juyin aiki ne na kowa, amma saje ya sa sunansa da niyyar ya nisanta shi da gari. Can rahotonsa ya yi kyau, kamar kullum. A gari kuwa lokacin ne aka shiga ƙarancin takardun kuɗi saboda sauya fasalin naira, ciniki ya tsaya, bashi ya ƙara taruwa. Ya dawo ana cikin azumi, kafin ƙaramar sallah ta 21 ga Afrilu, ya tarar kawu da mutanen nan biyu suna jiransa da jerin sunaye. Mai baburan har gida ya kai masa buhun shinkafa na shan ruwa.

10 ga Yuni 2023: abin da ya faru a bakin titi

Bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati zuwa sama da 500. 'Yan acaɓa suka fi kowa jin jiki a makonnin farko, don mutane sun koma tafiya a ƙasa. Wani daga cikinsu, magidanci mai 'ya'ya huɗu, ya kasa kai kuɗin mako har suka taru naira 60,000. Mai baburan ya turo sojan.

Ranar Asabar ce, bayan la'asar. Ya tare shi a inda 'yan acaɓa ke tsayawa, ya zare makullin babur. Mutumin ya riƙe kan babur yana cewa, "Yallaɓai, ka yi wa Allah, da shi nike ci da iyali." Sojan ya ce ya saki, bai saki ba, sai ya ɗauke shi da mari, ya ƙara masa. Mutumin ya faɗi, leɓensa ya fashe. Abokan sana'arsa suka taso, masu shayi da masu faci suka kewaye wurin, wani yaro ya ɗaga waya yana ɗauka. Wani dattijo mai sayar da goro ne ya shiga tsakani, ya kama hannun sojan ya ce masa ya hau ya tafi tun kafin abin ya fi haka. Ya tafi da babur ɗin, ya kai wa mai shi. Kafin isha'i hoton ya zaga Facebook da WhatsApp, ana rubuta "soja" a kai duk da kaftani ne a jikinsa.

Ranar Litinin 'yan sandan soja suka tsare shi, suka karɓo babur ɗin a matsayin shaida. Sai ranar 29 ga Yuni, washegarin babbar sallah, ya koma hannun ɗan acaɓan. Kwana 19 ke nan ba ya aiki, a daidai makonnin da ya fi sa ran samu.

Yuli 2023: gaban kwamanda

A farkon Yuli aka kai shi gaban kwamandan bataliya. Wannan karon binciken ya fito da komai: an ji ta bakin ɗan acaɓan, da telan nan, da wasu masu shago biyu da suka sami ƙarfin zuciyar zuwa bayan sun ga hoton. Aka same shi da laifin duka da kuma halin da ke zubar da ladabin aiki. Hukuncinsa: a cire igiyarsa ya koma farabiti, kwana 28 a gadirum da aiki mai tsanani, kuma ya biya wanda ya daka asarar da ya ja masa. Kwamanda ya faɗa masa a fili cewa yana da ikon sallamarsa, abin da ya tsayar da shi shi ne shekarunsa na Borno, kuma wannan rangwamen ba zai sake samuwa ba.

Yana cikin gadirum, ranar kwanansa na tara, mai kayan ginin nan ya aiko yaro gidansa yana tambayar matarsa yaushe zai fito, akwai wani aiki.

Agusta 2023: zaman da aka yi a zauren mai unguwa

Matar ta kai wannan magana wajen magajiyar bariki, wato shugabar matan sojoji, ita kuma ta kai wa samanjan bataliya. Samanja ya ɗauko fayil ɗin binciken ya sake karantawa, ba don neman abin da sojan ya yi ba, don ganin wa ya aike shi kowane karo. Duk ƙorafin suka koma kan mutum uku. Ya shiga gadirum ya zauna da shi ya tambaye shi abin da ba a taɓa tambayarsa ba: nawa kawunka yake bin ka? Ya ce bai sani ba. A lissafinsa saura 190,000, amma bai tabbata kawu haka yake ƙirgawa ba, kuma ba zai iya buɗe baki ya tambaye shi ba.

Da iznin kwamanda, samanja ya nemi limamin bariki, su biyu suka zo wurin mai unguwarmu da kayan gida. Aka sa rana a tsakiyar Agusta, bayan sojan ya fito. Aka gayyaci kawu, da mutanen nan biyu, da ɗan acaɓan tare da shugaban tasharsu, da mahaifiyar sojan wadda ta zauna daga soro na ciki tana ji. Mai kayan ginin bai zo ba.

Kawu ya shigo da fushinsa. Ya ce shi bai taɓa cewa a daki kowa ba, kuma idan mutum ya riƙi yaro tun yana ɗan shekara tara, bai ga abin kai shi gaban jama'a ba don ya ce ya raka shi karɓar haƙƙinsa. Samanja bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Alhaji, kakin nan ba nashi ba ne, balle ya ara maka. Na gwamnati ne, da harajin wanda aka mara aka ɗinka shi. Yaron nan saura ƙiris a kore shi. In an kore shi, babu fansho, babu garatuti, ga mata ga ciki. Wa zai ɗauki nauyinsu?" Kawu bai amsa ba.

Daga nan aka shiga lissafi, kuma nan zaman ya fi daɗewa. Kuɗin da sojan ya kai hannu da hannu, duka suka yarda 90,000 ne. Ragin da kawu yake cewa ya yi masa bayan kowace rakiya, sojan ya tara shi a kansa ya kai 140,000, kawu kuwa ya ce bai wuce 30,000 ba, sauran ai maganar baki ce ta jin daɗi. Ma'ana, shekara ɗaya da rabi yana zubar da aikinsa yana zaton ya kusa fita, mai bin sa yana ganin saura 300,000. Na ga fuskar sojan lokacin da ya ji wannan adadi. Bai ɗaga kai ya dubi kawunsa ba, amma hular da ke hannunsa sai da ya murɗe ta.

Liman ne ya warware. Ya ce ragin nan, kaɗan ne ko mai yawa, lada ne na tsoratar da mutane, don haka ba za a gina lissafi a kansa ba. A jefar da shi gaba ɗaya, bashi ya tsaya a 330,000. In Alhaji yana son ya sauƙaƙa wa ɗan 'yar'uwarsa, ya yi don Allah da zumunci, a gaban shaidu. Mai unguwa ya ce, "Alhaji, bashi hanji ne, yana cikin kowa. Kai ma ana bin ka, kuma ba ka son a aiko maka da soja." Aka yi shiru. Daga ciki mahaifiyar ta kira ƙanenta da sunan da take kiransa tun suna yara, ta ce masa kalma biyu da ba mu ji ba. Kawu ya dawo ya zauna ya ce ya yafe 130,000, dama a ransa gudummawar aure ce.

Abin da aka rubuta aka sa hannu shi ne wannan. Ɗan acaɓan za a biya shi naira 57,000, wato dubu uku kowace rana ta kwana 19, cikin wata uku, kuma shi za a fara biya. Bayan nan kawu zai riƙa karɓar 15,000 duk wata ta banki, ba hannu da hannu ba, har 200,000 su cika, ana nuna wa mai unguwa shaidar tura kuɗin. Mai baburan ya yarda ya ɗage wa ɗan acaɓan kuɗin makonnin da babur ba ya hannunsa, ya raba masa tsohon bashin kashi shida. Duk wanda kawu yake bi, ya kawo sunansa zauren mai unguwa a kira shi, in ya ƙi sai kotun shari'a. Sojan kuma ya tashi a gaban kowa ya ba ɗan acaɓan haƙuri. Mutumin ya ce, "Na yafe marin. Kunyar da na sha gaban yara ce ba ta fita ba tukuna."

Sharaɗi na ƙarshe samanja ne ya kawo shi. Duk wanda ya sake neman sojan da irin wannan aiki, wajibi ne sojan ya kai sunansa ofishin samanja a ranar, in ya ɓoye shi ma laifi ne. Mai unguwa ya sanar da haka a masallaci bayan isha'i, ba tare da ambaton kowa ba, kuma aka aika wa mai kayan ginin saƙo na musamman.

Satumba 2023 zuwa Maris 2025: abin da ya biyo baya

Gwaji ya zo a Disamba, kuma daga inda ba a zata ba. Yayarsa ta sami saɓani da maƙwabci a kan iyakar fili, mijinta ya zo ya ce ya je kawai ya tsaya, ba sai ya yi magana ba. Ya ce masa, "Yaya, in na je sai na rubuta sunanka, in ban je ba ma sai na rubuta. Oda ce." Ya rubuta ɗin. Samanja ya kira mai unguwa, mai unguwa ya tura maganar filin wajen dagaci, aka auna aka raba. Yayar ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwarsa. Bayan wannan an sake neman sa sau ɗaya, wani baƙon ɗan kasuwa da bai ji sanarwa ba. Daga nan neman ya ɗauke.

An gama biyan ɗan acaɓan a Nuwamban 2023. Kuɗin kawu ya fara a Disamba, an sami jinkiri sau biyu na 'yan kwanaki saboda albashi bai shigo da wuri ba, aka rufe da 20,000 a Disamban 2024. Daga cikin mutum goma sha ɗaya da kawu ya kawo sunansu zaure, bakwai sun biya ta hanyar sulhu, biyu sai da aka je kotu, biyu sun bar gari. Kuɗin sun fi jinkirin fitowa a kan lokacin da ake zuwa da soja, kawu kuwa bai daina faɗin haka ba. A Maris 2025 aka yi wa sojan canjin wurin aiki zuwa wata jiha. Daga Agustan 2023 zuwa ranar tafiyarsa babu ƙorafi ko ɗaya a kansa. Igiyarsa ba ta dawo ba har ya tafi, waɗanda suka fito Depo tare da shi wasunsu sun ɗaura biyu.

Abin da nake gani

Hukuncin Yuli daidai ne, kuma ba na cikin masu cewa an tsananta masa. Ya mari magidanci a bainar jama'a a kan kuɗin da ba nasa ba, ya karɓi la'ada yana sane. Mutanen da sojoji ke buƙatar su kawo musu labarin motsin 'yan bindiga su ne waɗannan 'yan acaɓa da masu shago, kuma wanda aka mara a bakin titi ba zai ɗauki waya ya kira bariki ba ranar da ya ga baƙuwar fuska. Ɓarnar ta wuce leɓen mutum ɗaya.

Amma hukunci shi kaɗai bai tsayar da shi ba, an gwada sau uku. Ƙarin gadi ya riƙe shi mako biyar, kwana 7 suka raba shi da kaki kawai, tura shi daji ya tara masa aiki kafin ya dawo. Kwana 28 ma da haka za su ƙare, tunda aike ya iso gidansa yana tsare. Duk waɗannan matakai sojan suka taɓa, ba su taɓa masu aikensa ba, ba su kuma taɓa bashin da ya sa ba ya iya cewa a'a ba. Yaron da aka riƙa tun yana maraya, aka yi masa aure, ba shi da bakin da zai ce wa kawunsa ba zan je ba. Zaman Agusta ya ba shi abu biyu da ba shi da su: adadi a rubuce mai ranar ƙarewa, da umarnin da zai jingina ƙin zuwansa a kai, ta yadda ba shi ne ya yi wa babba rashin kunya ba.

Inda na fi jin takaici shi ne Nuwamban 2022. An kama shi a bakin gareji, an hukunta shi a kan fas, ba a tambayi me ya kai shi ba. Tausayin saje, wanda na yarda da zuciya ɗaya ya yi shi, shi ya sa babu rubutun da zai sa kwamandan kamfani ya yi wannan tambaya. Da an yi ta a lokacin, da zaman da aka yi a Agusta an yi shi wata tara kafin nan, ɗan acaɓan bai sha mari ba, igiya kuma tana nan. Ina ganin duk sojan da aka tura garin haihuwarsa ya kamata samanja ya zauna da shi tun makon farko ya ji wa yake bin sa, wa kuma yake da iko da shi a gari.

Mu farar hula kuma namu laifin a fili yake. Mutum uku ne suka yi ta aikensa, amma unguwa guda ta sani tun 2022, har da mu 'yan kwamiti, ana ta cewa ai tsakaninsa da kawunsa ne. A cikin mutanen ukun babu wanda ya kwana a tsare ko ya biya tara. Mai kayan ginin, wanda ya fi kowa amfana da aiken, bai zo zaman ba, bai sa hannu a komai ba, kuma daga kuɗin da aka biya ɗan acaɓan ko naira ɗaya ba ta fito daga aljihun ɗayansu ba.